Hayaƙi a Ɗakin Matuƙa: Daga Riyad Zuwa Graz

A daren Talata, 19 ga Agusta 1980, jirgin kamfanin Saudia ƙirar TriStar ya tashi daga Riyad zuwa Jidda ɗauke da mutum 301, da yawansu masu niyyar isa Makka ne. Minti 7 da tashi, na'urar gargaɗi ta nuna akwai hayaƙi a ma'ajiyar kaya ta baya. Matuƙan suka shafe kimanin minti 4 suna neman tabbatar da gargaɗin, suna laluben shafin da ya dace a kundin matakan gaggawa, kafin su juya akalar jirgin. Sun sauka lafiya a Riyad, kuma daga nan ne abin da har yau ake karantarwa a makarantun horar da matuƙa ya fara: maimakon a taka birki nan take a buɗe ƙofofi, sai jirgin ya ci gaba da gangarawa a kan titi na kusan minti 3, injinan kuma suka ƙara wasu mintuna suna aiki bayan ya tsaya. Ba a ba da umarnin fita ba. Masu ceto suka kwashe minti 23 bayan kashe injinan kafin su iya buɗe ƙofa daga waje, kuma a lokacin babu sauran mai numfashi a ciki. Hayaƙi ne ya kashe mutanen nan a cikin jirgin da ya riga ya sauka.

Wanda gobara ta kama a gida yana iya fita waje. Jirgin da ke tsayin ƙafa 30,000 kuwa rufaffen wuri ne, iskarsa zagayawa take yi, kuma bayan bangonsa da samansa akwai wayoyin lantarki da bututai da babu idon da ke ganinsu. Saboda haka tambayar da ke gaban matuƙi idan ya ji ƙauri guda ɗaya ce tun wancan zamani: ya tsaya ya gano daga ina yake fitowa, ko ya nufi fili mafi kusa tun bai sani ba? Shekaru masu yawa horon da ake bayarwa ya karkata ga amsar farko, domin karkatar da jirgi yana cin kuɗi, yana ɓata tsarin tafiya, kuma mafi yawan ƙaurin da ake ji yakan ƙare a kan wani ƙaramin abu, kamar tanda ta ɗumama abinci ko fitilar da ta ƙone.

Ranar 2 ga Yuni 1983, wuta ta tashi a bayan bangon bayin wani jirgin Air Canada ƙirar DC-9 da ya taso daga Dallas zuwa Toronto. Mataimakin matuƙi ya je dubawa sau biyu, aka kuma kawo labarin cewa hayaƙin yana raguwa, sai aka jinkirta saukowa na wasu mintuna. Kyaftin Donald Cameron ya sauke jirgin a Cincinnati cikin hayaƙin da ya kusa hana shi ganin na'urorin gabansa, amma ƙasa da daƙiƙa 90 bayan buɗe ƙofofi, sabuwar iskar da ta shiga ta hura wutar gaba ɗaya, fasinjoji 23 cikin 41 suka rasu. Daga wannan hatsari ne aka wajabta na'urar gano hayaƙi a kowane bayi, da fitilun da ke shimfiɗe a ƙasa don nuna hanyar ƙofa, da kujerun da ba sa saurin kama wuta.

Shekara 8 bayan haka masifar ta zo gidanmu. Da safiyar Alhamis, 11 ga Yuli 1991, jirgi ƙirar DC-8 mallakar kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka ɗauko haya don jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya shirya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da fasinjoji 247 da ma'aikata 14. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an san da haka kwanaki kafin ranar, kuma babban makanike ya nemi naitirojin don ya cika su, amma wanda ke kula da aikin jigilar ya ƙi yarda a ƙara jinkiri. Tayoyi suka fashe lokacin da jirgin ke gudu a kan titi, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama, matuƙan kuma, da yake babu na'urar gano wuta a ramin tayoyin, suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikinsa. Da hannunsu suka shigar da gobarar ba tare da sun sani ba. Wayoyi da bututan mai suka fara cinyewa, wata ma'aikaciya ta shigo ta ce hayaƙi ya turnuƙe a baya, jami'in hasumiya kuma ya ɗauki wasu mintuna yana zaton wani jirgin Saudia ne ke neman komawa. Wutar ta cinye daɓen ɗakin fasinjoji tun suna sama, kuma jirgin ya faɗi ƙasa da kilomita 3 kafin titin sauka. Babu wanda ya tsira cikin mutum 261. Allah ya jiƙansu da rahama. Binciken da aka yi ya gano an sauya alƙaluman awon iskar tayoyin a takardun gyara, kamfanin Nationair kuma ya rushe a 1993.

Duk da waɗannan darussa, hatsarin da ya tilasta wa duniyar sufurin sama sake tunani daga tushe bai zo ba sai a 1998. A daren Laraba, 2 ga Satumba, da ƙarfe 8:18 agogon New York, jirgin Swissair mai lamba 111, ƙirar MD-11, ya tashi daga New York zuwa Jeneba da fasinjoji 215 da ma'aikata 14. Jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya sun saba bin wannan jirgi tsakanin manyan ofisoshinsu biyu, kuma a cikinsa a wannan dare akwai Dakta Jonathan Mann, wanda ya kafa shirin yaƙi da cutar ƙanjamau na Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da matarsa Mary Lou Clements-Mann, masaniyar alluran rigakafi. Kyaftin Urs Zimmermann tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, kuma malami ne da ke horar da wasu matuƙa kan wannan samfurin jirgi, har da yadda ake fuskantar hayaƙi. Mataimakinsa Stefan Löw shi ma malami ne. Da wuya a haɗa mutum biyu da suka fi su sanin aikin.

Da ƙarfe 10:10 agogon Halifax ta Kanada, bayan kimanin minti 53 da tashi, suna tsayin ƙafa 33,000, Löw ya ji wani wari da bai saba ji ba. Suka ga ɗan hayaƙi a saman ɗakin daga baya, sannan ya ɓace. Suka kira wata ma'aikaciya, ta tabbatar da warin a ɗakin matuƙa, ta ce babu shi a wajen fasinjoji. Daga abin da suka gani da abin da aka koya musu, suka yanke cewa matsalar daga na'urar sanyaya iska take. Da hayaƙin ya dawo, da ƙarfe 10:14, suka aika wa cibiyar kula da zirga-zirga ta Moncton kiran Pan-Pan, wato sanarwar matsala mai buƙatar kulawa wadda ba ta kai barazana ga rai ba, suka nemi komawa Boston da ke ɗaruruwan kilomita a bayansu, inda kamfaninsu ke da ma'aikata. Jami'in ya nuna musu cewa Halifax ta fi kusa, kimanin kilomita 120, suka karɓa, suka sa takunkumin oksijin, suka fara saukowa.

Daga nan kowane mataki da suka ɗauka yana da hujjarsa, kuma wannan ne ya sa labarin yake da nauyi ga duk wanda ya karanta shi a tsanake. Jirgin yana ɗauke da man da zai tsallaka da shi tekun Atlantika, nauyinsa ya haura wanda aka yarda a sauka da shi. A ɗakin fasinjoji ana tsakiyar rabon abinci, ana buƙatar lokaci a kwashe kekunan. Taswirar sauka a Halifax ba ta kusa da hannun matuƙan, sai da aka miƙo musu. Da jami'in ya gaya musu saura mil 30 su kai titin, suna tsayin ƙafa 21,000, suka amsa cewa suna buƙatar fiye da haka, sannan suka nemi izinin zubar da mai, aka juya su kudu zuwa saman mashigin ruwa na St. Margaret's. Löw yana tuƙi, Zimmermann yana bin jerin matakan da aka tanada don hayaƙin da ba a san asalinsa ba, jerin da kammala shi kan ɗauki minti 20 zuwa 30. Ɗaya daga cikin matakan farko shi ne a yanke lantarkin ɗakin fasinjoji. Da ya yanke, fankokin da ke saman silin suka tsaya, kuma su ne dama ke jan hayaƙin da wutar zuwa baya. Iskar ta sauya hanya, gobarar da ta daɗe tana ci a ɓoye ta nufo kan matuƙan.

Da ƙarfe 10:24 na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta ta katse, na'urori suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, matuƙan biyu suka ayyana halin gaggawa kusan a tare, suka ce dole su sauka nan take. Da ƙarfe 10:25 akwatunan naɗar bayanai guda biyu suka daina aiki. Kusan minti 6 da suka biyo baya jirgin ya yi su ne cikin duhu a saman teku, ba tare da magana da kowa ba. Da ƙarfe 10:31 ya daki ruwa da gudun da ya haura kilomita 550 a awa, kimanin kilomita 8 daga gaɓa, kusa da ƙauyen masunta na Peggy's Cove. Daga jin warin farko zuwa wannan lokaci minti 21 ne. Masuntan yankin suka fita da kwale-kwalensu cikin daren da fatan ceto, amma babu wanda za a ceta, kuma daga cikin mutum 229 gawa ɗaya ce kaɗai aka iya ganewa da ido; sauran sai da awon haƙora, zanen yatsu da ƙwayoyin halitta.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada, ƙarƙashin jagorancin Vic Gerden, ta shafe shekara 4 da rabi tana aiki, ta kashe dalar Kanada miliyan 57. Tarkacen yana zurfin mita 55, ya tarwatse zuwa gutsattsari kimanin miliyan 2, aka yi ta tsamo su da masu nutso da raga, daga ƙarshe aka kawo wani babban jirgin ruwa mai zuƙo ƙasan teku. An samo kashi 98 cikin 100 na nauyin jirgin. A wani rumbun jirage da ke Shearwater aka gina ƙarafuna daidai da siffar gaban jirgin, aka riƙa maƙala gutsattsarin a mazauninsu, ana bin sawun ƙuna, ana duba kilomitoci na waya guntu-guntu don neman inda tagulla ta narke saboda tartsatsi.

Rahoton da aka fitar ranar 27 ga Maris 2003 ya ce wutar ta faro ne a saman silin, ta ɓangaren dama, kusa da bangon bayan ɗakin matuƙa, daga tartsatsin wayar lantarki. A daidai wurin an sami wata waya mai alamar tartsatsi, wadda ke kai wuta ga na'urar nishaɗi da aka ƙara wa jirgin bayan ƙera shi, mai nuna wa fasinjojin manyan kujeru fina-finai da wasanni, har da caca, kuma zaton masu binciken ya rinjaya a kan cewa tana da hannu a tashin wutar. Sai dai tartsatsi shi kaɗai ba ya kayar da jirgi. Abin da ya mayar da shi gobara shi ne bargon da aka lulluɓe cikin jikin jirgin da shi don tare sanyi da ƙara, wanda aka rufe da wata leda mai ƙyalli, kuma wannan leda ta ci jarrabawar juriyar wuta ta hukumar sufurin sama ta Amurka alhali tana kamawa cikin sauƙi. A wurin da wutar ta tashi babu na'urar gano hayaƙi, babu ta kashe gobara, kuma babu dokar da ta ce a sa su. Hancin matuƙan da idonsu su ne kaɗai abin gargaɗi.

An daɗe ana zargin Zimmermann da Löw da ɓata lokaci wajen zubar da mai, kuma rahoton ya amsa wannan da lissafi: ko da sun nufi Halifax kai tsaye tun daga kiran farko, da mafi saurin gangarowar da jirgin zai iya, ba za su isa titin ba sai bayan wutar ta riga ta lalata ɗakin tuƙin. A ganina wannan ce jimla mafi muhimmanci a rahoton, domin ta ɗauke laifin daga mutum biyu da ba za su iya kare kansu ba, ta mayar da shi inda aka zaɓi kayan da aka gina jirgin da su da inda aka sa hannu a takardun amincewa, shekaru kafin wannan dare. Hukumar binciken ta Kanada ta kuma duba gobara 15 da suka tashi a jirage tsakanin 1967 da 1998, ta gano cewa daga lokacin da aka lura da wuta zuwa faɗuwa ko saukar dole, matsakaicin lokacin kimanin minti 17 ne. A shekarar 2000 Amurka ta ba da umarnin cire wancan bargo daga jirage kimanin 700, aka kuma tsaurara jarrabawar juriyar wuta. A 2005 masu ƙera jirage, kamfanoni da ƙungiyoyin matuƙa suka amince da sabon tsarin matakan gaggawa, wanda ya sa maganar karkata zuwa fili mafi kusa a sahun farko, neman asalin hayaƙin kuma a yi shi ana kan hanyar sauka.

Sabon tsarin bai daɗe ba ya haɗu da sabuwar wuta. Ranar 3 ga Satumba 2010, jirgin dakon kaya na UPS ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Dubai zuwa Jamus da batiran litiyam fiye da 80,000 a cikin kayansa. Minti 22 da tashi gargaɗin gobara ya yi ƙara, aka nuna musu Doha, kyaftin ya zaɓi komawa Dubai. Hayaƙi ya cika ɗakin, oksijin kyaftin ya yanke, ya tashi neman wani takunkumin, bai dawo kujerarsa ba. Mataimakinsa ya rage shi kaɗai, ba ya ganin na'urorin gabansa, ba ya iya sauya tashar rediyo, har sai da wasu jirage suka riƙa isar da saƙo tsakaninsa da ƙasa. Ya wuce saman filin Dubai da tsayi da gudun da ba za a sauka da su ba, ya faɗi a bayan gari. Daga 1 ga Afrilu 2016 hukumar sufurin sama ta duniya ta hana ɗaukar irin waɗannan batira a matsayin kayan dako a jiragen fasinja.

Akwai kuma wani hayaƙin da ba ya barin tarkace, shi ya sa tarihinsa ya fi tafiya a hankali. A can sama iska ba ta isa numfashi, don haka tun shekarun 1950 jirage masu injin jet ke ɗebo iskar da mutane za su shaƙa daga cikin injin, bayan an matse ta ta yi zafi, kafin ta kai inda ake ƙona mai, sannan a sanyaya ta a tura ciki. Idan abin da ke tare baƙin man injin ya sassauta, man kan zuba cikin wannan iska mai zafi ya zama tururi, kuma a cikinsa akwai sinadarin hana lalacewar ƙarfe da aka san yana iya taɓa jijiyoyi. Ma'aikatan jirage suna kwatanta warin da na safa mai datti, suna kuma ba da labarin jiri, ciwon kai, amai da rikicewar tunani. A Nuwamban 1999, a Suwidin, matuƙan wani jirgi ƙirar BAe 146 su biyu suka galabaita ana gangarowa, sai da oksijin suka farfaɗo, daga baya aka sami yoyon mai a ɗaya daga cikin injinan. A shekarar 2000 wani kwamitin majalisar dattawan Ostareliya ya binciki ƙorafe-ƙorafen ma'aikata kan wannan samfurin jirgi, ya yarda cewa matsalar ta shafi lafiya da kuma tsaron tafiya.

Tun daga lokacin ɓangarorin biyu ba su daidaita ba. Ƙungiyoyin ma'aikata sun ce shaƙar wannan tururi na barin illa mai ɗorewa a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kamfanoni da hukumomi sun yarda da illar nan take, amma sun ce ba a tabbatar da ta dogon lokaci ba, kuma wani nazari da hukumar tsaron jirage ta Turai ta fitar a 2017 ya sami iskar cikin jirage daidai da ta ofisoshi da makarantu ko ma ta fi. Masu suka suka amsa cewa an yi awon ne a tafiye-tafiyen da babu wani yoyo mai tsanani. Ina ganin gardamar ta daɗe haka ne saboda har yanzu ba a wajabta sa na'urar da za ta auna gurɓatar wannan iska a daidai lokacin da take faruwa ba, kuma abin da ba a auna ba kowa na iya musanta shi. Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, yana zuƙo iskarsa daga waje da injinan lantarki, amma sauran manyan jiragen fasinja suna nan kan tsohon tsari.

Ranar Litinin, 23 ga Disamba 2024, jirgin kamfanin SWISS ƙirar Airbus A220 ya tashi daga Bukares zuwa Zurich da fasinjoji 74 da ma'aikata 5. Yana tsayin ƙafa 40,000 a sararin Ostiriya ɗaya daga cikin injinansa ya lalace, hayaƙi ya shiga ɗakin matuƙa da na fasinjoji. Matuƙan suka yi abin da sabon tsari ya tanada: suka nufi Graz nan take, suka sauka cikin kimanin minti 20, suka tsayar da jirgin a kan titi, aka fitar da kowa ta ƙofofin gaggawa. Dukan fasinjojin sun tsira. Amma wani ma'aikacin ɗakin fasinjoji ɗan shekara 23 ya suma tun suna sama, aka kai shi asibiti, ya rasu ranar 30 ga Disamba sakamakon rashin oksijin a ƙwaƙwalwa, kuma shi ne mutum na farko da ya rasa ransa ta dalilin hatsari a tarihin kamfanin. Masu bincike suka mayar da hankali kan injin da ya lalace da kuma hular kariya daga hayaƙi da ma'aikatan suka sa, irin wadda kamfanin ya fara sauyawa tun a 2023 bayan an gano tana da matsala, amma sauyin bai kai ga wannan jirgi ba.